Yusuf Latif (1920–2013): Mabushin Saksafon da Ya Zo Zariya Neman Sarewa

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa bin ɗakunan karatu yana neman abin da aka rubuta a kan kiɗa da bushe-bushen Hausa, da wuya a ce bai ci karo da wani littafi na Turanci mai suna Hausa Performing Arts and Music ba, wanda aka buga a Ikko cikin 1987. Sunaye biyu ne a bangon littafin, watau Ziky Kofoworola da Yusef Lateef. Na farko sananne ne ga masu nazarin wasan kwaikwayo a ƙasar nan. Na biyun kuwa, da yawa daga cikinmu mukan zaci wani malami ne daga Ilori ko Ibadan, saboda yadda aka rubuta sunan. Alhali kuwa baƙar fata ne mutumin Amurka, kuma ɗaya daga cikin manyan mabusan saksafon na ƙarni na 20, wanda ya baro suna da ɗaukaka a ƙasarsu, ya zo ya zauna shekara 4 a Zariya yana bin mabusan sarewa domin ya koya daga gare su.

Manufar wannan maƙala ita ce a kawo taƙaitaccen tarihin wannan mutum, a dubi abin da ya kawo shi ƙasar Hausa, sa'an nan a ga abin da zuwan nasa ya bar mana, mu masu nazarin harshe da al'adun Hausa. Za a riƙa kiransa Yusuf Latif, kamar yadda bakin Bahaushe zai faɗa.

Asalinsa da tasowarsa

An haifi Yusuf Latif ran 9 ga watan Oktoba, 1920, a garin Chattanooga cikin Jihar Tennessee, a kudancin Amurka. Sunan da aka raɗa masa shi ne William Emanuel Huddleston. A wancan zamani baƙaƙen fata na kudu, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, suna ta yin ƙaura zuwa biranen arewa domin gudun wariyar launin fata da kuma neman aiki a masana'antu. Iyayensa ma suka bi sahu. Suka fara sauka a Lorain ta Jihar Ohio cikin 1923, daga nan suka zarce Ditiroit cikin 1925, birnin da ya shahara da ƙera motoci. A can ne mahaifinsa ya sauya sunan gidansu zuwa Evans, shi ya sa a farkon sana'arsa aka san shi da William Evans.

Ditiroit ta wancan lokaci matattara ce ta makaɗan jaz, watau kiɗan nan da baƙaƙen Amurka suka ƙago a farkon ƙarni na 20, wanda ginshiƙinsa shi ne makaɗi ya ƙirƙiri sabon abu nan take a kan wani sanannen kari, kamar dai yadda mawaƙin baka yakan ƙaro ɗiya a kan gindin waƙa gwargwadon taron da ya tarar. Birnin ya fitar da gwanaye irin su Milt Jackson da Kenny Burrell da Barry Harris da Elvin Jones da Paul Chambers, kuma a cikinsu Latif ya yi wayo. Ya fara busa saksafon tun yana makarantar sakandare, da ya gama yana ɗan shekara 18 sai ya shiga yawon kiɗa. Ya yi aiki a ƙarƙashin Lucky Millinder da Roy Eldridge, har cikin 1949 ya sami shiga babbar ƙungiyar Dizzy Gillespie, wanda a lokacin yana cikin jagororin sabon salon jaz.

Musulunta da komawa makaranta

Wajen wannan lokaci ne ya karɓi Musulunci, ya ɗauki sunan Yusuf Abdul Latif. Ya shiga ne ta hannun ƙungiyar Ahmadiyya, wadda ke wa'azi a tsakanin baƙaƙen biranen Amurka, kuma ta hannunta makaɗa irin su Art Blakey da Ahmad Jamal suka shiga. Saɓanin da ke tsakanin wannan ƙungiya da sauran malaman Musulunci a kan aƙida sananne ne, amma nan ba fagen tattauna shi ba ne. Abin da ya shafe mu shi ne, sauya addinin ya juya fuskarsa zuwa gabas, ya sa shi sha'awar Larabci da al'adun ƙasashen Musulmi, har da kayan kiɗansu.

Cikin 1950 ya koma Ditiroit, ya shiga Jami'ar Wayne yana koyon tsara kiɗa a rubuce da busa sarewar Turawa. Daga baya ya haɗa da obo. Wannan ɗabi'a ta komawa aji bayan an riga an yi suna ita ce ta bi shi har tsufa, kuma ita ce mabuɗin fahimtar rayuwarsa duka.

Kayan busarsa da salonsa

Ya kamata a ɗan tsaya a nan a bayyana kayan da ake magana a kansu. Saksafon abin busa ne na tagulla, mai lanƙwasa kamar lofe, wanda wani maƙeri mutumin Beljiyam mai suna Adolphe Sax ya ƙago, ya yi masa rajista a Faransa cikin 1846. A bakinsa akwai ɗan fallen kara guda ɗaya wanda ke karkarwa idan iska ta bi ta kansa, daga nan amo yake fita. Latif ya fi riƙe matsakaicinsa mai kaurin murya, wanda ake kira tena. Obo kuwa siriri ne na itace, fallen karansa biyu ne a haɗe, saboda haka ɗan'uwan algaitarmu ne ta wajen ƙira, illa dai muryarsa ta fi taushi. Sai kuma bas, wanda ya yi kama da ƙaton goge mai tsirkiya 4, tsawonsa ya kai na mutum, ana kafa shi a ƙasa ana taɓa shi da yatsu. Amonsa na can ƙasa ne, aikinsa shi ne ya riƙe kari da ma'auni domin mabushi ya sami abin takawa.

Cikin 1957 Latif ya fara fitar da faya-fayai da sunansa a kamfanonin Savoy da Prestige, irin su Jazz Mood da Prayer to the East. Nan da nan masu saurare suka lura da wani baƙon abu. Ban da saksafon da sarewa, sai ga shi yana busa argul, wani abin busa na kara mai bututu biyu da aka sani a Masar, da shanai ta Indiya, da sarewar gora. Har kwalbar lemo da balan-balan ya taɓa sa wa cikin kiɗa. Mai riƙe masa bas, Ernie Farrow, shi ma yakan ajiye bas ya ɗauki rababa, ya yi ta maimaita ɗan gajeren kari guda, Latif yana yawo a kansa da busa.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga kunnen Bahaushe. Wanda ya saurari kuntigin Ɗan Maraya Jos mai tsirkiya ɗaya, ko gurmin Haruna Uji mai tsirkiya biyu, ya san yadda ɗan kari ƙanƙane da ake ta nanatawa yake ɗaukar waƙa mai tsawo ba tare da ya gundure mai saurare ba. A jaz na shekarun 1950 an fi yayin yawan sauye-sauyen amo da sauri da nuna gwaninta. Latif ya iya wannan sarai, amma sau da yawa sai ya zaɓi ya rage kaya ya bar amo ya numfasa. Faifansa da ya fi shahara, Eastern Sounds, wanda aka ɗauka cikin watan Satumba, 1961, ya buɗe ne da busar wata 'yar sarewar yumɓu ta ƙasar Sin, mai siffar ƙwai, wadda ba ta da amo sai 'yan kaɗan. Da waɗannan 'yan kaɗan ya gina kiɗan da har yanzu ake saurare.

Dabarar dogara ga busa da amon ƙasa kaɗai ta ci gaba da ɓullowa a wasu sassan kiɗan Amurka. Alal misali, cikin 1989 an kafa wata ƙungiyar kiɗan rok mai suna Morphine a Jihar Massachusetts, wadda ta yar da jita gaba ɗaya, ta tsaya a kan saksafon mai zurfin murya da bas mai tsirkiya biyu da ganguna, har zuwa 1999 da jagoranta Mark Sandman ya faɗi ya mutu yana cikin wasa a Italiya. Abin lura shi ne, abin da aka ɗauka sabon salo ne a can, a wurin mai garaya da mai gurmi gado ne.

Shekarun Niyok

Cikin 1960 Latif ya koma Niyok, cibiyar jaz ta duniya. Ya yi aiki da Charles Mingus, mashahurin mai bas kuma mai tsara kiɗa. Shekarar ita ce ta samun mulkin kan Nijeriya da ƙasashen Afirka da dama, kuma baƙaƙen Amurka sun ɗauki abin tamkar nasu. Latif yana cikin waɗanda suka yi busa a faifan Uhuru Afrika na Randy Weston, wanda aka ɗauka a ƙarshen 1960 domin taya Afirka murna. Ya kuma yi aiki da Babatunde Olatunji, makaɗin ganga ɗan Nijeriya mazaunin Amurka, haka nan yana cikin faifan The African Beat na Art Blakey cikin 1962. Ke nan tun shekara 20 kafin ya zauna a Zariya, Nijeriya ta riga ta shiga kunnensa.

Daga 1962 zuwa 1964 ya zauna a ƙungiyar Cannonball Adderley, wadda da ita ya je Japan cikin 1963. Bayan nan ya ci gaba da jagorancin tasa ƙungiya, yana fitar da faya-fayai a kamfanonin Impulse da Atlantic. Duk da wannan hidima bai bar karatu ba. Ya sami digiri na farko a Makarantar Kiɗa ta Manhattan cikin 1969, na biyu cikin 1970, sa'an nan cikin 1975 Jami'ar Massachusetts da ke Amherst ta ba shi digirin dakta a fannin ilmi. Kundin nasa ma ba a kan kiɗa ya rubuta shi ba, kwatanci ya yi tsakanin tsarin ilmin Turawa da na Musulunci.

Sunan da ya ƙi

Wani abu da aka san Latif da shi shi ne ƙin kalmar jaz. A ganinsa, ma'anonin da ƙamusoshin Turanci suka ba kalmar sun haɗa da shirme da batsa, don haka laƙaba ta ga fasahar baƙar fata wata hanya ce ta ƙasƙantar da ita da masu yin ta. Sai ya ƙirƙiro tasa kalma, Autophysiopsychic, wadda ya sa wa wani faifansa na 1977, yana nufin kiɗan da ke fitowa daga jikin mutum da hankalinsa da ruhinsa. Kalmar ta yi nauyi a baki, ba ta kuwa karɓu ga jama'a ba, amma shi bai sake ta ba har ya bar duniya. Bugu da ƙari, wajen 1980 ya yanke shawarar daina wasa a duk inda ake sayar da giya. Ga mai sana'a irin tasa wannan ba ƙaramar hasara ba ce, domin a irin waɗannan gidaje ne mafi yawan makaɗan jaz suke samun abinci.

Ɗalibin Hausa zai gane wannan damuwa da sauri. A wurinmu ma kalmar roƙo ta lulluɓe makaɗi da mawaƙi da mabushi da sanƙira gaba ɗaya, ta ajiye su a ƙasan tsanin daraja, ko da kuwa sarakuna ba su fita sai da su. Mutumin da ya yi yaƙi da sunan da aka laƙaba wa sana'arsa a Amurka, sai ga shi ya sauka a ƙasar da ake jin daɗin busa amma a yi wa mabushi kallon maroƙi.

Zamansa a Zariya

Cikin watan Agusta, 1981, yana da shekara 60, Latif ya kama aiki a matsayin babban jami'in bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ya zauna har 1985. Ya zo a zamanin mulkin Shehu Shagari, juyin mulkin ƙarshen 1983 ya same shi a nan. Lokaci ne da kiɗan gargajiya ke da ƙarfinsa: Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya da Barmani Coge duk suna kan ganiyarsu, algaita da kakaki suna tashi a ƙofar fadar Sarkin Zazzau Shehu Idris, a Kaduna kuma Bala Miller yana haɗa waƙar Hausa da kayan busa na Turawa.

Babban abin da ya sa a gaba shi ne sarewa, abin busar Fulani makiyaya. Mutumin Wudil ba ya bukatar a kwatanta masa ita, domin ƙasar da ke da kasuwar shanu irin ta ran Juma'a, da fadamun kogi inda ake kiwo da rani, ba ta rasa masu ita. Kara ne ko bututu mai 'yan ƙofofi, ba fallen kara a bakinta, ba maɓalli, ana busa ta ne ta kai a ɗan karkace. Sauƙin ƙirarta shi ne wuyarta, gama duk abin da zai fito sai leɓe da numfashi da yatsu sun samar da shi. Ga mutumin da ya ƙware a sarewar Turawa mai maɓallai barkatai, zama gaban makiyayi domin a ga yadda yake fitar da amo iri-iri daga ƙofofi kaɗan komawa aji ɗaya ne, kuma ya koma. Haka nan ya kula da algaita, wadda mabusanta ke tara iska a kumatu suna shaƙar wata ta hanci, busa ba ta yankewa. Wannan dabara ce da wasu mabusan saksafon sukan yi shekaru suna nema, ga ta nan a fada ana gadonta daga uba zuwa ɗa.

Akwai dalilin da ya sa kunnensa ya sami wurin zama a kiɗanmu. Yawancin karin Hausa da na Fulani a kan amo 5 aka gina su, haka ma bulus, waƙar baƙin ciki ta baƙaƙen kudancin Amurka wadda ita ce uwar jaz. Daga baya wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Gerhard Kubik, a littafinsa Africa and the Blues na 1999, ya kawo hujjoji cewa salon bulus ya fi kama da na yankin Sudan ta Yamma da ta Tsakiya, inda ake kiɗan tsirkiya da jan murya, fiye da na bakin teku inda ganguna suka fi yawa. Ƙasar Hausa tana cikin wannan yanki. Abin da masanin ya bi ta hanyar kwatanci, Latif ya riga ya taɓa shi da bakinsa.

Zaman nasa ya haifar da abubuwa uku da za a iya riƙewa a hannu. Na farko faifan Hikima, wanda ya yi da makaɗan cibiyar cikin 1983. Na biyu faifan In Nigeria, wanda aka ɗauka a Ikko cikin 1983 tare da makaɗan ganguna 'yan Nijeriya, aka fitar da shi a Amurka cikin 1985. A cikinsa akwai kiɗan da ya sa wa suna Ruwa Mai Zurfi, da wani da ya raɗa wa sunan dandalin wasan kwaikwayo na jami'ar. Na uku shi ne littafin da aka ambata a farko, wanda ya zo ya ƙaru a kan aikin da David Ames da Anthony King suka yi cikin 1971 na tattara kalmomin kiɗan Hausa. Bambancin shi ne, wannan karon mai binciken da kansa mabushi ne, yana iya ɗaukar abin ya gwada.

Ba za a ce aikin ba shi da iyaka ba. Shekara 4 ba ta isa a ƙure kiɗan al'umma, balle ga wanda bai tashi da harshen ba, alhali kuwa busar Hausa magana ce: algaita da kakaki kirari suke yi, suna bin hawa da saukar muryar kalmomi, wanda bai ji Hausa sosai ba rabin saƙon ne zai kama. Har ila yau an rubuta littafin da Turanci, saboda haka mutanen da aka ɗebo ilmin daga bakinsu ba su ne masu karanta shi ba.

Komawa gida da rasuwarsa

Da ya koma Amurka ya zauna a Jihar Massachusetts, yana koyarwa a jami'ar da ta ba shi dakta da kuma Kwalejin Hampshire. Faifansa Little Symphony na 1987, wanda shi kaɗai ya kaɗa ya busa duk abin da ke ciki, ya ci lambar Grammy. Cikin 1992 ya kafa kamfaninsa na faya-fayai mai suna YAL domin ya mallaki aikinsa, cikin 1993 kuma ya tsara wani dogon kiɗa a kan tarihin baƙaƙen Amurka tun daga bauta, wanda gidan rediyon birnin Kolon na Jamus ya ɗauki nauyinsa. Ya rubuta ƙagaggun labarai, ya yi zane, ya kuma fitar da tarihin rayuwarsa cikin 2006 mai suna The Gentle Giant, laƙabin da aka yi masa saboda girman jiki da sanyin hali. Cikin 2010 hukumar raya fasaha ta gwamnatin Amurka ta ba shi lambar girma mafi daraja da take bai wa makaɗan jaz, ga mutumin da ya ƙi kalmar tsawon rayuwarsa. Ya rasu ran 23 ga watan Disamba, 2013, a gidansa da ke Shutesbury, yana da shekara 93.

Kammalawa

A yawancin abin da Turawa suka rubuta a kan Yusuf Latif, zaman Zariya layi ɗaya ko biyu yakan samu. A wajenmu kuwa ya kamata ya zama babi, domin ya bar mana tambaya. Nazarin da muke yi a sassan Hausa ya fi karkata ga matanin waƙa: jigo da salo da zubi da tsari. Wannan ya yi kyau, amma mukan rubuta baitocin mawaƙi mu bar kalangu da algaita da sarewa a waje, kamar ba da su aka yi waƙar ba. Mabusan da Latif ya tarar yawancinsu sun kau, kiɗan kwamfuta ya karɓe bukukuwa, rashin zaman lafiya a dazuzzuka kuma ya tarwatsa rugage da dama inda ake koyon sarewa.

Saboda haka akwai aiki iri uku da ke jiranmu. A fassara littafin nan zuwa Hausa, a gyara abin da ke bukatar gyara. A nemo faya-fayan nan biyu a ajiye a sassanmu domin ɗalibai su saurara. Sa'an nan masu neman batun kundin digiri su fita zuwa fadoji da rugage, daga Wudil zuwa Gaya da Dutse, su ɗauki busa a na'ura, su rubuta sunayen sassan kayan da yadda ake ƙera su da kirarin da kowane kari yake faɗa, tun masu abin suna raye. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Dattijo mai digirin dakta ya ƙetaro teku saboda wannan zuma, mu kuwa tana bayan gidanmu.